Fayil ɗin ya buɗe, amma 1745 ya ɓata

Yau ba darasin waya ba ne, ba kuma na gyaran Windows ba. Labarin wani aiki zan ba ka wanda na yi wa ƙanwata, aikin da na ɗauka na yini ɗaya ne, ya cinye mini mako biyu, ya kuma sa na je ina ba wani bawan Allah haƙuri a kan laifin da bai aikata ba. Idan kana rubuta manhaja, ko kana da ɗan uwa mai bincike a fannin kimiyya da ke kawo maka fayilolin da suka ƙi buɗewa, to ka zauna, wannan naka ne.

Ƙanwata tana digiri na biyu a fannin sinadarai, kuma bincikenta a kan man gyaɗa ne: tana son ta gano ko man da ake sayarwa a kasuwa tsantsa ne ko an gauraya shi da wani abu. Ta tara samfuri 64, wasu daga kanti, wasu daga hannun mata masu ƙuli-ƙuli, ɗaya kuma ita ta matse shi da hannunta don ya zama ma'auni. Ta kai su ɗakin gwaje-gwaje guda biyu, ta biya kuɗi a kan kowane samfuri, aka auna mata da na'urar da ake kira FTIR.

Bari in yi maka bayanin na'urar a taƙaice, don sai ka san abin da ke cikin fayil kafin ka iya karanta shi. Tana haska samfuri da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, sai ta auna yawan hasken da samfurin ya shanye a kowane mataki. Matakan nan ana ƙirga su ne da adadin zangon haske a cikin santimita ɗaya, yawanci daga 4000 a gangaro zuwa 400. Sakamakon shi ne zane mai tsaunuka, kuma kowane tsauni yana nuna wani irin haɗi a cikin sinadarin. Man girki, ko na gyaɗa ko na waken suya, yana da dogon tsauni a wajen 1745, da wasu biyu a wajen 2925 da 2854. Duk wanda ya karanci fannin ya san waɗannan lambobi kamar yadda ka san lambar wayarka. Ni ban san su ba a lokacin. Ka riƙe wannan.

Da ta dawo da filas ɗinta, sai ta tarar babu fayil ɗaya da ya buɗe a kwamfutarta. Na wuri na farko suna ƙarewa da .jdx, na wuri na biyu da .spc. Manhajar da ke buɗe su tana kan kwamfutar da ke haɗe da na'urar, kuma ba za a bar ɗaliba ta zauna a kanta na kwanaki ba, ga layin mutane. Ni kuma dama na taɓa rubuta mata wata 'yar manhaja da Python mai karanta fayil ɗin CSV, ta zana shi, ta jera samfura a kan juna. Sai ta ce, "Yaya, ba za ka iya koya mata waɗannan ba?" Na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Abu na farko da za ka yi da duk baƙon fayil, kafin ka rubuta layi ɗaya na kod, shi ne ka leƙa cikinsa. Ka buɗe shi da Notepad. In ka ga kalmomi da lambobi da ake iya karantawa, to fayil ɗin rubutu ne. In ka ga tarkacen alamomi kamar kaza ta yi tsalle a kan kibod, to bainari ne, sai ka nemi manhaja irin su HxD da ke nuna maka bayit ɗaya bayan ɗaya.

Na buɗe .jdx ɗin, sai na ga rubutu ne. Sunan tsarin JCAMP-DX. Tsohon tsari ne, tun 1988 wasu masana biyu, McDonald da Wilks, suka wallafa ƙa'idarsa domin na'urorin kamfanoni daban-daban su riƙa musayar sakamako, daga baya aka faɗaɗa shi ya ɗauki NMR da awon nauyin ƙwayoyin sinadari. A goshin fayil ɗin akwai layuka da ke farawa da alamar ## guda biyu, kowanne yana gaya maka abu ɗaya:

##XUNITS=1/CM
##FIRSTX=4000
##LASTX=400
##DELTAX=-2
##NPOINTS=1801
##YFACTOR=0.0001

Wato an fara awo daga 4000, an ƙare a 400, ana rage 2 a kowane mataki, kuma jimillar ɗigo 1801 ne. Duk lambar da ka karanta a ƙasa sai ka ninka ta da YFACTOR kafin ta zama ainihin awo. Zuwa nan komai lafiya lau. Sai na gangara wurin da bayanan suke, ƙarƙashin ##XYDATA, na ci karo da irin wannan:

4000A50J2K%j

Ba lalacewa fayil ɗin ya yi ba. Matse shi aka yi, saboda a zamanin da aka tsara shi wurin ajiya yana da tsada, kuma layi ba ya wuce harafi 80. Dabarar tana da ban sha'awa in ka gane ta. Lambar farko, 4000, ita ce matakin da layin ya fara. Babban harafi daga A zuwa I yana tsayawa a madadin 1 zuwa 9, kuma shi ke nuna an fara sabuwar lamba, don haka ba a buƙatar tazara. A50 kenan 150 ne. Ƙananan a zuwa i su ne na lambobin da ke ƙasa da sifili, alamar @ kuma sifili ce. Daga J zuwa R kuma labari ya canza: ba lamba suke ba ka ba, bambanci suke ba ka tsakanin wannan ɗigo da na bayansa. J2 yana nufin ƙara 12, sai ka samu 162. K ƙara 2, ka samu 164. Alamar % ba canji, 164 dai. Ƙaramin j rage 1, ka samu 163. Akwai kuma S zuwa Z da ke cewa maimaita abin da ya gabata sau kaza. Ka ga da harufa goma sha biyu an ajiye ɗigo biyar har da matakinsu.

Cikin awa uku na rubuta mai warware wannan. Na tara duk lambobin a jeri ɗaya, na ba na farko 4000, na biyu 3998, haka har ƙarshe. Na danna, zane ya fito. Wallahi kyakkyawan zane, tsaunuka tsaf-tsaf kamar na cikin littafi. Na tura mata ta WhatsApp ina jin kaina.

Bayan sallar isha'i ta kira ni. "Yaya, ina 1745 ɗina?"

Na ce wane 1745? Ta ce dogon tsaunin nan na mai, a zanena yana zaune a wajen 1633. Kuma wajen nan, in ji ta, kusa yake da inda ruwa ke nunawa. In da gaske ne, ma'anarsa samfuran nan ba su yi kama da mai ba sam, har da wanda ta matse da hannunta.

A nan ne na yi abin da nake son ka guje wa. Maimakon in zargi kod ɗina, sai na zargi na'urar. Na ce mata kwamfuta ba ta ƙarya, abin da ke cikin fayil shi na zana, ƙila na'urarsu ce ba a saita ba, ka san halin kayan aikinmu. Na faɗa da ƙarfin gwiwa irin na babban wa, ita kuma ta yarda, don ni ne "na kwamfuta" a gidanmu. Washegari muka je wurin ma'aikacin da ya yi mata awon, dattijo mai sanyin hali, na tsaya ina yi masa bayanin cewa na'urarsa ta kauce, kuma ya kamata a sake mata awon kyauta. Ka tuna samfuran sun kusa ƙarewa, kuɗin ma babanmu ne ya haɗa da kyar. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa.

Bai yi musu da ni ba. Ya ɗauko wata 'yar leda mai haske a cikin kwali, ya ce wannan polystyrene ne, da shi ake gwada na'ura, kuma duk duniya an san yana da tsauni a 1601. Ya saka, ya auna a gabanmu, allonsa ya nuna 1601. Ya fitar da fayil ɗin a .jdx ya ce, "Malam, buɗe da taka mu gani." Na buɗe a kwamfutata. Tsaunin ya fito a wajen 1480.

Ban san yadda zan kwatanta maka shirun da ya biyo baya ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya ƙara mana da fayil ɗin polystyrene ɗin a filas. A hanya ƙanwata ba ta ce mini uffan ba sai da muka kusa gida, sannan ta ce ta lura da wani abu tun daren jiya: duk tsaunukan sun matsa, amma ba daidai ba. Na 2925 ya matsa da kusan 50, na 1745 ya matsa da fiye da 100. Duk yadda aka yi nisa da farkon zane, kaucewar tana ƙaruwa.

Wannan maganar tata ce ta warware matsalar, ba wayona ba. Kuskuren da ke ƙaruwa a hankali yana nufin akwai abin da ake tarawa. Na sa manhajar ta ƙirga mini ɗigon da ta karanta. Ta ce 1890. Fayil ɗin kuma tun a goshinsa ya rubuta 1801. Ɗigo 89 sun shigo daga ina?

Na koma na karanta ƙa'idar tsarin, wadda da na karanta tun farko da ban sha wannan kunya ba. Ashe idan layi ya ƙare da salon bambanci, to layi na gaba yana farawa ne da maimaita lambar ƙarshe ta layin da ya wuce. A misalinmu na sama, layi na biyu zai fara da 3992A63, wato 163 ɗin nan dai da muka riga muka samu. Ba sabon ɗigo ba ne. An sa shi ne don mai karantawa ya gwada lissafinsa: in abin da ka tara bai zo daidai da wannan lamba ba, to ka yi kuskure a layin, ko fayil ɗin ya lalace a hanya. Masu tsarin sun ajiye mini abin da zai kama kuskurena, ni kuma na ɗauke shi na mayar da shi kuskure. Kowane layi yana ƙara mini ɗigo ɗaya na bogi, kowane ɗigo yana tura sauran gaba da mataki 2. Kafin a iso 1745 an wuce layi hamsin da wani abu, ka ninka da 2, ga 112 ɗinka nan. Wutsiyar zanen kuma ta zarce 400 ta faɗa waje, amma da yake na ƙayyade allon daga 4000 zuwa 400, ban gan ta ba.

Gyaran layi huɗu ne. A farkon kowane layi, in wanda ya gabata ya ƙare da bambanci, ka kwatanta lambar farko da ta ƙarshen da kake riƙe da ita. In sun yi daidai ka jefar da ita, in ba su yi ba ka tsayar da komai ka faɗi lambar layin. A ƙarshe kuma ka kwatanta adadin ɗigonka da NPOINTS. Na sa manhajar ta ƙi zana komai in waɗannan biyun ba su daidaita ba. A ganina gara manhaja ta ƙi buɗe fayil ta yi maka ihu, da ta buɗe shi ta ba ka zane mai kyau na ƙarya, domin zanen ƙarya babu wanda zai tsaya bincikarsa sai wanda ya riga ya san amsa. Da a ce kaucewar 5 ce ba 112 ba, da ƙanwata ba ta gani ba, da ya shiga kundinta, da kuma wataƙila an rubuta cewa man wasu mata gauraye ne alhali nasu tsantsa ne.

Af, kafin in manta. Daga baya na gano akwai kunshin Python mai suna jcamp da wani ya riga ya rubuta, kyauta. Da na bincika da farko da na huta. To amma ko shi ka ɗauko, ka gwada shi da fayil ɗin da ka san amsarsa.

Na .spc kuma, da na zo kansa jikina ya riga ya yi sanyi, don haka na bi shi a hankali. Wannan bainari ne, tsarin wani kamfanin Amurka mai suna Galactic Industries da ya yi manhajar GRAMS, daga baya ya koma hannun Thermo. Sun wallafa bayanin tsarin, shi ya sa na'urori da yawa ke fitar da shi. Goshinsa bayit 512 ne. Bayit na biyu shi ke gaya maka wane iri ne: in ka ga 4B a HxD, sabon tsari ne da ake rubuta lamba daga ƙaramin bayit zuwa babba, in 4D ne, tsohon tsari ne mai goshi daban. Bayit huɗu da ke farawa daga na biyar su ne adadin ɗigo. A namu na ga 09 07 00 00. Ka karanta daga dama zuwa hagu, 0709 kenan, wato 1801. In ka karanta shi a miƙe yadda ido ya saba, za ka samu sama da miliyan 151, manhajarka ta nemi ta cinye duk ƙwaƙwalwar kwamfuta. A Python, kunshin struct ke wannan aiki, kuma alamar < a farkon umarnin ita ke cewa ƙaramin bayit ne a gaba. Bayan adadin ɗigo sai matakin farko da na ƙarshe, kowanne bayit takwas.

Ga wata dabara da ta taimake ni: lissafin girman fayil. Goshi 512, ƙaramin goshi na samfurin 32, sai ɗigo 1801 sau bayit 4, wato 7204. Jimilla 7748. In girman fayil ɗinka ya kai haka, ko ya ɗan fi saboda bayanan da na'ura ke liƙawa a ƙarshe, to fahimtarka tana kan hanya. In bai kai ba, akwai abin da ka ɗauka ba daidai ba, kada ka ci gaba. Tarkon da ke cikin wannan tsari yana bayit na huɗu. In darajarsa 80 ce a HxD, lambobin awon masu ɗigo ne kai tsaye. In wani abu ne daban, to cikakkun lambobi ne da sai ka ninka su da 2 mai ƙarfin wannan daraja bayan ka cire mata 32. Ka manta da wannan, siffar zanen za ta fito daidai amma tsawon tsaunukan ya zama shirme, kuma tsawon nan shi ƙanwata ke kwatantawa tsakanin samfura.

Wani abin da ya kusa sake kayar da mu shi ne, wuri na farko sun ajiye yawan hasken da samfuri ya shanye, wuri na biyu kuma sun ajiye kason da ya ratsa ya wuce, cikin ɗari. A na farko tsaunuka sama suke kallo, a na biyu ƙasa. Ana juya na biyu zuwa na farko da lissafi ɗaya: 2 a cire logarithm na kason. Ita ta koya mini wannan ma.

Daga nan na sake fasalin manhajar gaba ɗaya, kuma in za ka yi irin wannan aiki, shawarata ka fara da nan. Da can karanta CSV da zane duk a cakuɗe suke wuri ɗaya. Yanzu kowane irin fayil yana da nasa mai karantawa a fayil ɗinsa daban, kuma dukkansu abu uku suke miƙo wa sauran manhajar: jerin matakai, jerin awo, da jakar bayanai mai ɗauke da ma'auni, sunan samfuri, kwanan wata, da duk abin da aka samu a goshi, har wanda ban gane amfaninsa ba. Sashen zane bai san daga wane fayil abu ya fito ba, kuma bai kamata ya sani ba. Haka manyan manhajoji na kyauta suke yi. In ka duba ƙarin Spectroscopy na manhajar Orange, wadda aka ƙirƙira a jami'ar Ljubljana ta ƙasar Sulobeniya, za ka ga kowane tsari ajinsa guda, da jerin ƙarshen sunayen da yake karɓa. Ranar da aka kawo sabon tsari, aji ɗaya za ka ƙara, ba ka taɓa sauran ba.

Sai dai ni ban yarda da ƙarshen suna kaɗai ba. Akwai na'urorin da ke fitar da .spc amma cikinsa wani tsari ne daban da na Galactic, JCAMP kuma yana zuwa a .jdx ko .dx. Saboda haka kowane mai karantawa nawa yana fara leƙa bayit na farko-farko. Na JCAMP yana neman ##TITLE, na SPC yana duba bayit na biyu. In bai ga alamarsa ba sai ya ce ba nawa ba ne, a gwada na gaba.

Fayil ɗin polystyrene da dattijon nan ya ba mu yanzu yana cikin jakar gwaji. Na koma na roƙe shi ya fitar mini da shi a .spc da CSV ma, ya yi, har da 'yar dariya. Duk lokacin da na taɓa kod, ko da waƙafi na gyara, gwaji yana buɗe ukun, ya nemi tsauni tsakanin 1599 da 1603, ya ƙirga ɗigo, ya kwatanta tsawonsu. In ɗaya ya kauce, ja yake nunawa. Idan kai ma za ka karɓi fayil daga wani ɗakin gwaji, ka roƙi wannan tun ranar farko: awon abu ɗaya da aka san amsarsa, a tsarin na'urar da kuma a CSV, da hoton allon in zai yiwu. Minti biyar zai ɗauke su.

Samfura 64 duk sun buɗe, 1745 ya koma mazauninsa, ƙanwata tana babi na huɗu. Shekaranjiya ta turo mini fayil ɗin wata ƙawarta mai aiki a kan zuma, sunansa yana ƙarewa da .0, babu wani harafi. Na leƙa, bainari ne, da alama na manhajar OPUS ne ta kamfanin Bruker. Na ce ta gaya wa ƙawar tata ta koma ta karɓo na polystyrene tukuna, ban taɓa shi ba sai ya zo.